Kwalbar Goggo Tasalla

Ran Talata layi kan kai gindin tsamiya
tun kafin in rataya farar rigata.
Ɗaki na bakwai, fanka ɗaya mai kuka,
a ƙofa an rubuta: Likitar Fata.

Abokan karatuna sun zaɓi zuciya,
wasu ƙwaƙwalwa, wasu ƙoda da hanta.
Suka ce, "Rumasa'u, duk ƙwazon nan
a kan ƙyasbi da makero?" Na bar su, na kama hanyata.

Ta farko yau daga Rafin Daɗi take,
saura kwana tara a ɗaura aurenta.
Ta zare niƙabi a hankali
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Kunci ja zur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin,
jijiyoyi kore suna leƙe ta ƙarƙashin fatarta.
Na ce, me kike shafawa?
Ta ce, "Ba shi da suna, Likita, haɗi ne.
An ce sati biyu ango ba zai gane ni ba."
Na ce a raina, mai haɗi ta cika alkawarinta.

Na biyu mai sai da waya ne a Ƙofar Ƙaura,
allurar haske aka yi masa a bayan kemis.
Ƙafa ta kumbura, fitsari na kumfa.
Na tura shi wajen masu ƙoda da takardata.
Su gani da idonsu: fata zaure ce,
baƙon da ya wuce ta, sai uwar ɗaka da ƙuryarta.

Amma kwalbar da amarya ta bari a tebur,
ita ta hana ni cin abincin rana.
Na san murfin nan shuɗi.
Na san ƙullin zaren da ke wuyanta.

Ina 'yar shekara goma ni ke wanke su
a tsakar gidanmu na Ƙofar Guga.
Goggo Tasalla na matse bututu bakwai a kwano,
kayan Jibiya, rubutun Faransanci, babu mai karanta shi,
tana juyawa kamar mai talge,
tana ƙirga riba da yatsunta.
Kwalbar nan ta kai ni Zariya shekara shida,
ita ta sai abin sauraron ƙirjin da ke wuyana,
ita ta ɗinka farar rigata.

Bayan magariba na same ta kan tabarma.
Na ajiye kwalbar tsakaninmu, ban ce komai ba.
Ta dube ta, ta dube ni.
"Ɗiyata, sanda kike ci ba ki tambaya ba.
Mata ke zuwa da ƙafarsu, ban kira kowa ba."
Na ce, gaskiya ne, Goggo, na ci.
Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski,
ni kuwa kullum ina asibiti da askata.

Na ce, ga man kaɗe, ga sabulun salo, ga lalle,
jarin a wuyana, ki canza sana'a.
Ta yi tsaki. "Wa zai sai baƙi da kuɗinsa?"
Na ce, ni. Dubi fuskata.

Sai aka kawo wuta, fitila ta haska,
na ga hannun da ya yi shekara ashirin a kwano:
tafin ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda,
bayan ya dabbare, ga gyambo ya ƙi rufewa.
Ta yi sauri ta tura shi cikin mayafinta.
Na jawo shi. Ta bar ni.
Muka yi shiru har aka kira isha'i.

Ba ta ce ta daina ba, ban ce na yafe ba.
Kwalbar na nan a aljihun teburina.
Amma Talatar da ta biyo, da na leƙa ta taga,
ta goma sha huɗu a gindin tsamiya,
riƙe da kati, tana harara ta,
Goggo ce, tana jiran a kira sunanta.